Ludayin da Ya Mai da Ni Cikin Akushi

Shekarar da fatata ta fara ɓarewa, in na kakkaɓe riga a ƙofar gida kaji ke rugowa, zatonsu dussa na watsa. Gwiwar hannu, gwiwar ƙafa, har tsakar kai, duk farin ɓawo ne. Ƙaiƙayi kuwa, na soshe bayana da katangar zaure har sai da ta yi sulɓi.

Duk wannan bai ci mini rai kamar zancen akushi ba. A unguwarmu ta Sabon Birni, magidanta kan fito da tuwo bayan magariba a ci tare. Ran nan taubashina, ɗan ƙanwar babana, ya zuba mini nawa a kwano daban ya turo gefe.

"Ci naka can, bawana, kada ka barbaɗa muna gari cikin miya."

Aka yi dariya, tawa ta fi ta kowa ƙarfi. Amma na san kuturta suke tsoro.

Sai na shiga yaƙi da fatar. Na dirje ta da dutsen goge kaushi. Na kai wa wanzami ya kafa mini ƙaho don ya zuƙe mugun jini, duk inda askarsa ta tsaga sai sabon tabo ya tsiro a wurin, reras kamar shukar gero.

A asibitin garin Isa na haɗu da wani malamin jinya, ɗan siriri, wanda ke tara masu irin ciwona a inuwa yana yi musu karatu. Ban taɓa ganin mai haƙurinsa ba. Tambaya ɗaya sai a maimaita masa ita har yawu ya ƙafe, bai taɓa ɗaure fuska ba. Ya ce sunan ciwon soriyasis, ba kuturta ba ne, ba a kuma ɗaukarsa. Ba ya rabuwa da mutum ɗungum, kwanciya yake ya tashi. A yi wanka da ruwa mai ɗan ɗumi, a shafa mai tun jiki da lema, a sa magani yadda aka ce.

Ya dubi layin ƙahon ya girgiza kai. "Baba, wanga ciwo in ka ji mai rauni, nan yake gina sabon gida. Bar dutse, bar aska."

Na ba shi labarin kwanona. Ya ce, "Zama mai zuwa, zo mini da wanda ya fi kowa gudunka."

Da ƙyar na jawo taubashi. Ya zauna can nesa, har na yi zaton ya ƙetara Nijar. Malamin ya kama hannuna ba safar roba, ya shafa tabon yana bayani. Sannan ya sa aka dama fura, ludayi ɗaya. Na sha, ya karɓa ya sha, ya miƙa wa taubashi.

"Alhaji, bisimilla. Shekaru nike shan fura da masu wanga ciwo, dubi fatata."

Taubashi ya dubi ludayin kamar an miƙa masa kunama. Ya dubi malamin, ya rufe ido ya kurɓa.

Da magariba na ɗauki kwanona za ni gefe, sai ya fizge shi ya juye cikin akushi.

"Matso, bawana. Amma wallahi ka taɓa naman nan, ni za ni kai ka wurin wanzami da kaina."

Na kai hannu, naman na fara ɗauka.