Cakulan ɗin da Ya Ƙi Tsayawa

Cikin duk shekarun da na yi ina koyar da girke-girke, ranar da ba ta taɓa fita raina ba ita ce sha huɗu ga Fabrairun shekarata ta biyu a cibiyar koyar da mata sana'a da ke Badarawa. Ku malaman da kuka zo daga baya kun tarar da darasin cakulan a manhaja, kuna zaton da shi aka gina cibiyar. To, saura ƙiris a soke shi.

Tsarin wurin shi ne akwai shugaba, ƙarƙashinta malaman aji, sama da ita kuma kwamitin dattawan mata da ke yanke abin da za a koyar. Ba a taro sai da izinin shugaba. Ɗalibaina matan aure ne da zawarawa, su suka matsa mini wai suna son walimar ranar masoya, mata zalla. Na je ofishin shugabarmu, Hajiya Binta, na faɗa mata.

Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Malama Hadiza, Balantin a cibiyata?"

Na ce, "Ranki ya daɗe, zumunci ne kawai, kuma su gwada abin da suka koya."

Ta amince da sharaɗi: ba kiɗa, ba namiji, a tashi kafin la'asar. Sannan ta ce za ta gayyato 'yan kwamiti, domin dama suna ganin cakulan ɓata kayan aiki ne. In bai burge su ba, za a cire shi a mayar da ɗalibaina ajin ɗinki.

Ga wanda bai sani ba, cakulan ɗin gida garin koko ne da madarar gari da sukari da man kwakwa. Ba a ɗora shi kai tsaye a wuta, sai a kan tukunyar ruwan zafi. In ya haɗu a zuba a roba mai siffar zuciya, a sa a firji. Ana gobe taro muka cika firjin cibiya. 'Yan ajin saƙa kuma suka yi mana ƙananan kwalaye da jan zare, da furannin takarda na ado.

Wadda ta fi kowa zumuɗi ita ce Maman Sadiq, Bazamfariya, mijinta direba ne a tashar Kawo. Ta zaɓi roba mafi girma, ta ce tata zuciyar ta maigida ce, kada wadda ta taɓa.

Da safe na iso na tarar an ɗauke wuta tun jiya bayan tashinmu, janareta kuma ya ƙi tashi. Na buɗe firji, ɗumi ya buge ni. Na juya roba ɗaya a faranti, abin ya zubo kamar kunu. Na zauna a kan benci, ina tunanin yadda zan gaya wa mata talatin cewa keken ɗinki za su koma.

Maman Sadiq ta leƙa tata ta dafe ƙirji. "Malama, zuciyata ta narke!"

Wata daga baya ta ce, "Ai ta daɗe da narkewa, tun ranar da direba ya danna miki hon."

Aji ya kaure da dariya, har da ni da hawaye ke idona. Dariyar ce ta jawo Hajiya Binta. Ta dubi farantin, ta dube ni, ta sa yatsa ta ɗanɗana. Ta sake sawa.

"Siffar ce ta tafi, daɗin yana nan," in ji ta. "Ku juye duka a babban kwano. A sayo dabino da ayaba a bakin titi. Ina cincin ɗin da kuka soya shekaranjiya?"

Haka 'yan kwamiti suka iso suka same mu, an kewaye kwano ana tsoma dabino da tsinken sakace. Shugabarsu, Hajiya Kaka, tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce, ba ta cika murmushi ba. Ta ce tana kaffa-kaffa da zaƙi, ɗaya kawai za ta ɗauka don shaida. Bayan ɗan lokaci na ga ta jawo kujera kusa da kwanon, mayafinta ya sha ɗigo, tana tambayata ko man kwakwa ya fi bota. Da za su tafi ta ce a bar darasin, amma a gyara janareta.

Maman Sadiq dai ba ta yarda an juye tata ba. Ta ɗaure bakin robar da leda, ta sa a kwali, ta tafi da ita a tafin hannu kamar mai ɗauke da ƙwai. Washegari muka tare ta tun daga ƙofa.

Ta ce, "Maigida ya buɗe ya ce, 'Wanga kuma maganin mi ne?' Na ba shi cokali. Bai bar ko ɗigo ba. Yau da zai fita ya tsaya bakin ƙofa yana sosa ƙeya, wai ita ranar masoyan, duk wata aka yin ta?"

Abin da na ɗauka a ranar shi ne, mu malamai mukan damu da kyan abin da ya fito daga roba, har mu manta da masu zuba shi. Matan nan sun baro wanki da girki da rigimar yara, sun zo inda za su koyi abu, su yi dariya, su koma gida da ɗan abin da hannunsu ya yi. Kuma shugabar da kuke tsoro, wataƙila ita za ta fara naɗe hannun riga ranar da aiki ya kwaɓe. Sai dai duk da haka, in za ku yi cakulan a Kaduna, ku fara gaisawa da mai janareta.