Tumbin Baba Dung da Surukar Gamaliel

Dung Choji mutumin Bukuru ne. Ya zo Manchester a 2002 da matarsa Celestina da 'yarsu Justina, suka kama flat a Withington. Shekara tara yana tuƙa motar council, wato ƙaramar hukuma, yana ɗauko tsofaffi daga gidajensu ya kai su inda suke wuni, da yamma ya mayar da su. Shi ke tura keken guragu, shi ke tallafar tsohuwa ta sauko bene, don haka jikinsa a murɗe yake. A 2011 gwamnati ta tsuke bakin aljihu, aka rufe wurin tsofaffin, Dung ya koma gadi a wani ginin ɗalibai a Ardwick. Aikin zama ne, daga safe zuwa yamma yana kallon allon kyamara, abincin rana kuwa chips da soyayyar kaza. Cikin shekara biyu tumbi ya fito. Bai damu ba, ai a gida mai tumbi shi ne wanda ya samu.

Babban amininsa Gamaliel ne, tun suna sakandare a Gindiri. Direban bas ne a Birmingham, yana zaune a Handsworth, kuma tumbinsa ya ninka na Dung. Da ɗansa Tomas ya auro Kanako, wata nas 'yar Japan da suka haɗu a jami'a, har tausayinsa Dung ya ji.

"Mutumina, wa zai tuƙa maka tuwon acha in ka tsufa?" ya ce masa a wurin biki.

A 2014 Dung da Celestina suka je Birmingham bikin godiya na coci. Dung ya wuce Gamaliel a bakin ƙofa bai gane shi ba. Tumbin ya tafi. Mutum ya tsaya ɗas cikin kwat ɗin da ya ɗinka shekara ashirin baya, mata sai cewa suke, "Baban Tomas, ka koma saurayi!"

A gida wajen cin abinci Gamaliel ya ba da labari. Kanako ce ta zo wata rana da tef ɗin awo ta roƙe shi ta auna ƙugunsa. Ta ce a ƙasarsu duk wanda ya kai shekara arba'in ana auna shi, namiji in ya kai santimita tamanin da biyar sai a zaunar da shi a yi masa bayani, domin kitsen da ke cikin ciki, wanda ya lulluɓe hanji da hanta, shi ke jawo ciwon zuciya ko da sauran jiki bai yi ƙiba ba. Na Gamaliel ɗari da sha biyu ne. Tun daga ranar take shirya masa kifi da ganye ya tafi da su aiki, ran Asabar kuma su zaga Handsworth Park tare.

Dung yana ji yana kallon Kanako. Ta koyi gwate, ta zuba wa Gamaliel a ɗan ƙaramin kwano ta miƙa da hannu biyu tana cewa "Baba". Ƙyashi ya kama shi. Justina tasa tana Landan, sai ta yi wata uku ba ta kira ba. A mota kuma Celestina ta ƙara masa gishiri.

"Baban Justina, ka ga abokinka kuwa? Kai ko igiyar takalmi sai ka zauna kake ɗaurawa."

"Ramar lafiya ce wannan?" in ji Dung. "Ki dai bari."

Maganar da ya faɗa don haushi sai ta yi masa daɗi a baki. Ya maimaita ta ga Yelwa, ma'ajiyar zumuntar mata ta coci, ya ƙara da cewa yana zargin akwai ciwon da Gamaliel ke ɓoyewa. Kafin Kirsimeti labari ya zaga Manchester da Birmingham cewa ciwon daji, wato kansa, ke cin Gamaliel. Har daga Jos aka bugo wa matarsa ana jaje. Gamaliel ya daina kiran Dung, shi ma bai nema ba.

Amma ƙyashin bai bar shi ya huta ba. Ya ɗauki tef ɗin ɗinkin Celestina ya shiga banɗaki ya auna: ɗari da huɗu. Ya rantse sai ya fi Gamaliel ramewa kafin Ista, kuma ba tare da surukar kowa ba. Ya daina hawa bas, ya riƙa takawa daga Withington zuwa Ardwick, bai gaya wa kowa ba.

A mako na biyu, daidai Rusholme, ya ji kamar an ɗora masa buhun masara a ƙirji. Ya tsaya, abin ya lafa. Washegari ya dawo, har zuwa haɓa da hannun hagu. Ya so ya share, amma Celestina ta ga yadda yake haki a kan bene, ta tsare shi sai da ya faɗa. Ita ta kai shi wurin GP, likitan unguwarsu, daga nan aka wuce da shi asibiti. Aka tarar wata jijiyar zuciyarsa ta kusa toshewa, aka sa masa ɗan bututu aka buɗe ta. Likitar ta ce da yana nan zaune a kujerarsa bai motsa ba, mai yiwuwa da ba a gano ba sai ya faɗi.

Kwana biyu bayan aikin, Gamaliel ya shigo ɗakin da Kanako a bayansa. Celestina ce ta kira su. Ya ja kujera ya zauna, ya daɗe yana kallon Dung.

"Mai kansa ya zo duba mai lafiya," ya ce.

Dung ya juya fuska bango. "Ka ji ke nan."

"Yelwa da bakinta ta faɗa mini daga inda ta ji. Ƙanwata a Jos ta yi kwana uku tana kuka, Dung. Me na yi maka?"

"Ba ka yi komai ba." Dung ya ƙara da cewa, "Kai an auna ka. Ni wa ya taɓa tambayata ko na ci abinci, ban da matata?"

Kanako ba ta jin Hausa, ta dai ga tsofaffi biyu sun yi jugum, sai ta ɗauki takardar magungunan ta shiga yi wa Celestina bayani ɗaya bayan ɗaya.

Da aka sallame shi, Dung ya tashi a gaban coci ya ce shi ya ƙirƙiro maganar, ya nemi gafara. Gamaliel ya yafe, ko da yake matarsa har yau gaisuwa kawai ke haɗa ta da Dung. Dung ya bar gadi ya koma raba wasiƙu a wani kamfani, aikin da ke sa shi yawo da ƙafa. Ƙugunsa ya sauka zuwa casa'in da biyar ya tsaya nan, na Gamaliel kuwa tamanin da takwas. Duk sanda aka ambaci wannan a gabansa, sai ya ce ai Gamaliel tun suna yara ƙashinsa ƙanana ne.