Ni da ƙanwata Luba, da gwajin da na ƙi zuwa

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekara guda da wata huɗu rabona da rubuta komai a shafin nan. Masu tambaya ko na daina ɗinki, da masu turo saƙo ban amsa ba, ku yafe ni. Jinya na yi. Sankarar bakin mahaifa.

Akwai abin da ya fi ciwon nauyin faɗa a wurina, shi ya sa na daɗe ban yi magana ba.

Shekara uku da suka wuce, ƙanwata Luba da ke aure a Maradun ta zo mini kwana biyu nan Mafara. Ranar Talata ce, ma'aikatan lafiya sun zo asibitin unguwarmu suna duba mata kyauta. Ta ce, "Yaya, tashi mu tahi a duba mu."

Na ce, "Lahiyata lau, mi za a duba? Ga ɗinkin Sallah ya yi mini yawa."

Ta tafi ita kaɗai. Da ta dawo ta ce an ga wani ɗan farin tabo a bakin mahaifarta, an ƙona shi da wani ɗan ƙarfe mai zafi, an ce ta koma bayan shekara. Har tsiya na yi mata, na ce ta je ta nemo wa kanta ciwo.

Nawa ya fara da ɗigon jini ba lokacin al'ada ba. Sai ruwa mai wari. Na ce sanyi ne. Na sha maganin kyamis, na sha jiƙon da Inna ta aiko mini daga Bakura. Wata bakwai ina ɓoyewa, har ranar da jiri ya kayar da ni a kan keken ɗinki.

Daga Gusau aka tura mu Sakkwato. Aka gutsiri ɗan nama aka kai gwaji, aka yi hoto, muka yi sati uku muna jira. Likitar da ta gaya mini ba ta yi kwana-kwana ba. Ta ce, "Malama, sankara ce. Za mu cire mahaifar, sannan a yi gashi da na'ura, a sa miki maganin kemo. An taɓa duba ki a baya?"

Na girgiza kai. Maigidana ya sunkuyar da kai. A satin ya kai shanun nomansa biyu kara ya sayar.

Luba ce ta zo jinyata, da cikinta wata biyar.

A nan abin ya same ni. Na farfaɗo daga tiyata ba mahaifa, ga ta a gefen gado tana shafa ciki. 'Ya'yana biyu, kuma na daɗe ina roƙon Allah na uku. Wallahi da na kalle ta sai na kau da kai.

Kyashi ne. Ba zan canza masa suna ba.

Kullum da safe a kai ni ɗakin gashi, Litinin zuwa Juma'a. Ranar kemo in wuni da ƙarin ruwa, in dawo ina amai, bakina kamar na tsotsi ƙarfe. Ita kuwa ta zauna ta cinye kwanon shinkafa da wake, ta kora da fura. Ina kyashin cin abincinta. Ina kyashin yadda take tafiya ba ta dafa bango. In ta yi dariya da masu jinyar gadon kusa, sai in juya fuska in yi kamar barci nake.

Ita ke wanke mini zane. Ita ke riƙe roba in ina amai. Ko sannu ban iya ce mata ba.

Wata rana da hantsi jaririn ya motsa, ta kamo hannuna za ta ɗora a cikinta. Na fizge. Na ce, "Ke mi kinka yi ma Allah da ni ban yi ba? Uwa ɗaya, uba ɗaya, ciwo guda. Ke an ƙona miki cikin minti kaɗan, ni an yanke ni."

Ta janye hannunta. Sannan ta ce, "Yaya, ban hi ki komai ba. Ni ma kunya ta kusa kashe ni ranar nan. Kullum ina tuhumar kaina da ban ja ki da ƙarhi ba."

Ta ɗauki roba ta fita. Ina jin ta a baranda tana kuka.

Ban ba ta haƙuri ranar ba. Sai da aka sallame mu, a mota wajen Tureta, na iya cewa, "Luba, ki yahe ni." Ta ce, "Gyara zamanki, kada ɗinkin tiyatar ya dame ki."

Ta haifi mace. Ban je suna ba, na ce jikina ne, alhali zuciyata ce. Sai bayan arba'in na hau mota zuwa Maradun. Da ta miƙo mini yarinyar na yi kuka sosai, kuma har yau ban san ko na murna ne ko na wancan abin ba. Yana raguwa, amma bai tafi duka ba. Ku sa ni a addu'a.

Alhamdulillahi, hoton da aka yi mini watan jiya bai nuna komai ba. Zan riƙa komawa duk wata uku. Na gode wa Allah, na gode wa maigidana, da Inna, da likitoci da nas-nas. Luba, Allah Ya saka miki da Aljanna.

Mata 'yan'uwana, gwajin nan na masu jin lafiyarsu lau ne, kada ku jira ciwo. Ku tambaya a asibitin kusa da ku, ku ce mace kuke so ta duba ku. In kin ga jini ba lokacinsa ba, ko bayan kwanciya da miji, ko ruwa mai wari, kada ki tsaya a kyamis. Maza, ku ba su izini, ku kai su.

Wadda kunya ta hana ta zuwa ita kaɗai a nan Mafara, ta turo mini saƙo. Zan rufe shago in raka ta.