Tes Ɗin Ranar Alhamis

Akwai ranar da har in koma ga Allah ba za ta fita a raina ba: ranar da na durƙusa a zauren Malam Iliyasu a Hayin Banki, da abin awon jini a jakata, ina kallon alƙalami yana zamewa daga yatsunsa. Ku da kuka zo aiki daga baya kuna ganin tes ɗin da ake tura wa masu hawan jini kamar da shi aka gina asibitin nan. To saura ƙiris ya tafi, kuma sai da na yi da gaske.

Lokacin ni ce sista mai kula da masu hawan jini da ciwon suga a nan asibitinmu na Mando. Ranar Alhamis muke ganin su, kuma da gangan na zaɓe ta, domin da yawa cikin tsofaffinmu malaman allo ne, ranar ce ba su da karatu. Tsarin ba wuya. A auna mutum, likita ya gan shi, a ba shi maganin wata guda, mu shigar da ranar dawowarsa a kwamfuta. In ranar ta matso sai tes ya shiga wayarsa da Hausa, da sunansa a ciki, cewa Likita na jiran sa ranar Alhamis. Wani kamfani ne ke tura saƙon, muna biyan su duk wata.

Sai dizal ya yi tashin gwauron zabi, asibiti ya fara jin jiki. Dakta mai asibitin ya ɗauko ɗan ƙaninsa, Auwalu, ya ba shi manaja, ya ce ya toshe duk inda kuɗi ke zurarewa. Auwalu ba sakarai ba ne, kada wani ya fita da wannan. Ni na san shi tun yana ɓuya ƙarƙashin benci in ya ga allura, shi ya sa har gobe Anti yake ce min. Da ya zauna ya duba, sai ya tarar abubuwan da muke biya wata-wata sun fi ƙarfin hankali: dish na talabijin a falon jira, dish na ɗakin likitoci, intanet har layi biyu, jaridu, manhajoji iri-iri, ga kuma tes ɗin nan. Dabarar da ya ɓullo da ita ita ce ya dakatar da su duka na wata biyu, shiru, ba sanarwa. Wanda masu amfani da shi suka yi kuka a kai a mayar da shi, wanda ba a ji motsin kowa ba a binne shi.

Gaskiya dabarar ta yi aiki a wasu wuraren. Intanet na ɗakin gwaji ko azahar bai kai ba aka mayar, domin sakamako ya tsaya cak. Manhajar da likitoci ke duba adadin magani da waɗanda ba a haɗawa, ita ma ta dawo, kuma ta cancanci kuɗinta. Jaridu kuwa ba wanda ya lura sun daina zuwa, sai mai ƙosan bakin ƙofa da ke karɓar tsofaffin. Akwai wata manhajar zana allon talla da aka daɗe ana biya, aka nemi wanda ya san lambar sirrinta aka rasa. Da bakina na ce masa sannu da aiki. Amma abin da ya fi komai tara masu kuka dish ne. 'Yan jinya suna son fim, likitoci suna son ƙwallo, ƙato da gemunsa ya je ofishin manaja yana kumfar baki a kan wasan ranar Asabar. Nan da nan aka mayar da duka biyun.

Tes kuwa, ko tari ba wanda ya yi.

Ni dai na ga bencina na Alhamis yana ramewa. Mutanen da na san fuskokinsu kamar 'yan gidanmu, sai in duba in ga babu. Na je na sami Auwalu na ce ya mayar min da tes ɗina.

Ya ce, "Anti, ƙa'ida ɗaya ce ga kowa. Masu amfani da abu su za su yi magana. Ko mutum ɗaya cikinsu ya yi ƙorafi?"

Na ce, "Ba su yi ba. Amma ba sa zuwa."

Ya ce, "Ƙila kuɗin mota ne, Anti. Kowa na ji a jikinsa. Ki kawo min mai ƙorafi ɗaya tak, ranar zan biya."

Raina ya ɓaci, ba na ɓoye muku. Na fito ina magana ni kaɗai har masu shara suna kauce min. Amma na ce wallahi ba zan bari ba. Na sa kati a wayata, kullum in an tashi aiki in zauna in bi su da kira ɗaya bayan ɗaya. Wata ta ce, "Au, ashe lokaci ya yi?" Wani ya ce shi ya ɗauka an sallame shi ne tunda an daina kira. Duk wanda na ce masa ya zo ya faɗa wa manaja, sai ya ce haba, ai kuna ƙoƙari, Allah ya saka. Kamar in yi kuka don haushi.

Mutum ɗaya ne na kasa samu, Malam Iliyasu. Dattijo ne mai rubuta Alƙur'ani da hannu, da ka, da shi yake ci da iyalinsa. Shi ya koyar da 'ya'yan Dakta karatu, saboda haka Dakta ya hana a karɓi kuɗin kati ko na ganin likita a wurinsa. Ba ya karanta boko, surukarsa ce ke karanta masa tes. In ta karanta sai ya sa babbar rigarsa ya zo kamar wanda aka gayyata walima, ya nuna min wayar ya ce, "'Yata, an ce Likita na nema na." Bai taɓa saɓa rana ba. Yanzu ga shi lokacinsa ya wuce da nisa, wayarsa kuma tana ta ƙara ba a ɗauka. Na san jininsa, na san maganinsa ya ƙare tuni.

Wata Alhamis da muka tashi na ɗauki abin awo na hau keke zuwa Kawo, na gangara Hayin Banki ina tambaya har aka nuna min gidan. Na yi sallama na same shi a zaure a kan buzu, takarda a gwiwa, tawada a gefe. Ya amsa gaisuwata, sai na ji harshensa ya yi nauyi. Ya tsoma alƙalami zai ci gaba, alƙalamin ya sulale ya faɗi a rigarsa. Ya sake ɗauka, ya sake faɗuwa. Na ɗaura masa abin awo, abin da na gani ya sa ban tsaya neman izinin kowa ba. Na ƙwala wa mutan gidan kira, aka tsayar da mota, muka yi asibiti.

A hanya na ce, "Allah ya gafarta Malam, me ya hana ka zuwa?"

Ya ce, a hankali, "Ba a kira ni ba, 'yata."

Shanyewar ɓarin jiki ce ta fara taɓa shi, ɓangaren dama. Allah ya sa an tare ta da wuri, ya kwana biyu a wurinmu. Ranar da bakinsa ya saki na shiga ofishin Auwalu, na ce ya taso ga mai ƙorafin da ya ce in kawo. Ya biyo ni har bakin gadon. Ya durƙusa ya gaida Malam, domin yaro ne mai ladabi, sannan ya ce, "Baba, da saƙo ya daina zuwa, me ya sa ba ka aiko an tambaya ba?"

Malam ya dube shi da mamaki. Ya ce, "In tambayi me, ɗana? Shekara da shekaru ana duba ni ba a karɓar ko sisi. Da na ji shiru sai na ce abubuwa ne suka yi wa Likita nauyi, yana jin kunyar faɗa min. Ni kuma ba zan kawo kaina in sa shi jin kunya ba. Ka gaishe min da shi, ka ce na gode, ya yi iya yinsa."

Ko kalma ɗaya ta ƙorafi babu a ciki. Auwalu ya daɗe a durƙushe yana kallon hannun nan na dama da ke ajiye a kan zanen gado. Da muka fito na buɗe baki zan yi masa tatas, domin na daɗe da shirya maganar a cikina, sai na ga idonsa ya kaɗa, na haɗiye abata. Kafin la'asar tes ya dawo. Dish ɗin ɗakin likitoci ne ya tafi a madadinsa. Masu ƙwallo suka yi ta guna-guni, na ce duk mai magana ya zo ya same ni, har yau ban ga kowa ba.

To abin da nake so ku riƙe ke nan, musamman ku da wata rana za a ba ku ofis a ce ku rage kashe kuɗi. In za ku auna abin da ya cancanci a ci gaba da biya, kada ku tsaya ga wa ya ɗaga murya. Ku tambayi kanku wa zai cutu in an cire, sannan ku tashi ku je ku dubo shi, domin mutanenmu da kunya da kawaici za su zauna a gida ciwo na cin su suna sa muku albarka.

Malam Iliyasu yana nan, kuna ganin sa duk wata da babbar rigarsa. An yi masa gashin ƙashi, ƙafa ta dawo, magana ta dawo. Hannun ne bai koma riƙe alƙalami ba, kuma Alƙur'anin da na same shi yana rubutawa wani ɗalibinsa ne ya ƙarasa. In ya zo Alhamis ɗin nan ya miƙo muku waya yana cewa Likita na neman sa, ku lura da hannun da yake miƙo ta da shi. Na hagu ne.