Hanyar da Muka Gyara wa Sojoji

Wata ranar Alhamis a kakar 2016, bayan la'asar, ina durƙushe a tsakar gida ina tsince tsakuwa daga cikin wake, sai ga Baba ya faɗo gida kamar an koro shi. Rediyo na manne da kunnensa, ƙaiƙayin gero duk a gemunsa, takalminsa ɗaya ma a gona ya baro shi. Kaji suka watse. Inna ta saki taɓarya ta dafe ƙirji, don a waɗannan shekarun in namiji ya shigo gida da gudu ba alheri ake fara zata ba. "Ku zaka ku jiya!" in ji shi, yana haki. "Majalisa ta yi maganammu! Sun hwaɗi sunan Bukkuyum da bakinsu, sun ce a turo muna sojoji!" Inna ta ɗauki taɓaryarta, ta dube shi sama da ƙasa, ta ce, "Majalisag ga taka ko gishiri ba ta taɓa aiko muna ba." Baba bai ko saurare ta ba. Ya wuce kai tsaye bayan rumbu, wurin ɗakin da Baffa Ja'e da iyalinsa suke zaune, domin shi ne wanda labarin ya fi shafa.

Baffa Ja'e Bafillatani ne, kuma tun kafin a haife ni shi ke riƙe da shanun Baba a cikin garkensa. Ƙauyenmu yana can gefen Adabka a ƙaramar hukumar Bukkuyum, kuma abin da muka taso muka tarar shi ne, da an gama ɗaure dammunan gero an kwashe, sai ya kawo garken ya sauka a gonarmu. Shanu su ci kara da ragowar harawa, su bar mana taki, Baba kuma ya ba shi hatsi. Ba a taɓa zama an yi ciniki a kan wannan ba, haka iyayensu suka yi. Matarsa, wadda muke kira Goggo, takan shigo da ƙwaryar nono a kai, Inna ta auna mata gero ta ƙara mata dusa, su zauna suna gulmar mazajensu. 'Yarsu Dije sa'ata ce. Tare muke kalar gyaɗa, tare muke zuwa rijiya, tare muke carafke a gindin tsamiya, kuma kullum ita ke cinye ni, sai in ce ta yi maguɗi. Ita ta koya mini tatsar saniya har na daina jin tsoron shuri, ni kuma in na dawo daga makaranta sai in zana mata baƙaƙe a ƙasa da tsinke, ta kwaikwaya, ta ce wannan ya yi kama da ƙahon sa, wancan da sandar kiwo.

A shekarar da nake magana, sun daɗe da barin ruga. Ɓarayin daji sun matsa wa duk makiyayin da ya ƙi bin su, 'yan sa-kai kuma in sun ga Bafillatani a kasuwa ba sa tsayawa tambaya. Baffa Ja'e ya rasa ta inda zai juya. Shi ne Baba ya share ɗakin da muke ajiye kayan noma ya saukar da su, garken kuma aka riƙa kwana da shi a gonarmu ta bakin gari. Ba kowa ya ji daɗin haka ba. An yi zama a ƙofar gidan mai gari, wasu suka ce ajiye shi jawo wa gari fitina ne. Baba, wanda ba mai yawan faɗa ba ne, ya miƙe ya ce mutumin da shanunsa suka ciyar da gonarsa shekara da shekaru ba zai kwana a daji ba alhali shi yana da rufin ɗaki. Aka watse ba a daidaita ba, amma ba wanda ya zo ya kore su.

Sai dai Baffa Ja'e ya riga ya yanke shawarar tafiya. Danginsa sun yi ta kiransa a waya, suna cewa za su kora shanunsu su yi arewa, su tsallaka Nijar inda suke da 'yan'uwa, ya zo a tafi tare tun hanya tana biyuwa. Makiyayi ɗaya ba ya iya wannan tafiya shi kaɗai, in ayari ya wuce shi ke nan. Goggo har ta fara ɗaure ƙore a cikin raga. Ni kuwa na daina cin abinci sosai, ina ta kumbure-kumbure, don ba na son Dije ta tafi.

Dole in faɗi yadda Baba yake da rediyo. Bai yi boko ba, amma ba abin da ake tattaunawa a majalisa a Abuja da bai bi ba. Ya san ranar da aka yi gardama kan kuɗin tsaro, ya san an yi magana kan mutanenmu da suke gudun hijira zuwa maƙwabta, ya san yadda aka kai ruwa rana kan rajistar layukan waya. Da magariba yakan zauna a kan buzu ya warware wa maƙwabta wane ya ce kaza, wane ya mayar masa da kaza, kamar a gabansa aka yi. Abokansa har tsokanarsa suke yi, suna ce masa ɗan majalisar bayan rumbu. A wurinsa, manyan mutane irin waɗannan ba za su taru su ambaci sunan ƙaramar hukumarka a banza ba. A ƙauyenmu in dattawa suka zauna suka ce a yi abu, gobe da safe ake yin sa, shi kuma ya ɗauka ko'ina haka ne.

Ina tsaye a bakin ɗakin na ji yana cewa, "Ja'e, kak ka tahi. Haƙuri kaɗan ar rage. Waɗanda ƙasa ke hannunsu sun yanke magana." Baffa Ja'e ya murza igiyar da ke hannunsa, sannan ya ce, "Malam Umaru, tunda kai kac ce, na zamna." Na ruga na rungume Dije, muka yi ta tsalle har muka ɓarar da waken da nake tsincewa, Inna ta bi ni da mafici. Ayarin danginsa ya wuce ba shi.

Daga nan sai Baba ya tuna da kwari. Tsakaninmu da babbar hanya akwai wani kwari mai zurfi da ruwan damina yake zaizayewa kowace shekara. Mota ba ta ƙetare shi, mai babur ma sai ya sauka an taya shi turawa, ana zufa ana zagin ruwa. Baba ya ce abin kunya ne sojoji su taso tun daga nesa su zo su tsaya a bakin kwari saboda lalacinmu. Ya bi gida-gida, ya kira gayya. Ban taɓa ganin gari ya fito irin na ranar ba, har waɗanda suka ce a kori Baffa Ja'e sun zo da fartanya da magirbi. Maza suna sare gaɓa suna cika buhuna da ƙasa, mata suna dama fura a manyan ƙore, mu yara muna kwasar duwatsu a kwano muna waƙa. Ni da Dije muka yi gasar wadda za ta fi tara tsibi. Baffa Ja'e ya kawo bijimansa biyu, su suka jawo kututturan da aka shimfiɗa a ƙasan mashigin. Kafin rana ta faɗi wani yaro ya hau babur ya ƙetare a guje bai sauke ƙafa ba, gari ya ɗauki guɗa.

Sai jira. Kullum in an tashi daga makaranta sai mu hau tsamiya muna hangen hanya, duk ƙarar injin da muka ji sai mu ce ga su nan. Malaminmu ya koya mana yadda ake sara wa soja, muka yi ta gwadawa a kan awaki. Baba ya ware rago ya ce na baƙi ne. Sati ya bi sati, aka gama sussuka, aka zuba hatsi a rumbu, ragon ya yi ƙiba har ya fara tunkuyi.

Da hantsi suka zo, ba su ko ɓoye ba. Muna aji muka ji ƙarar babura da yawa, wasu yara har sun fara murna kafin harbi ya tashi. Ba sojoji ba ne, ɓarayin daji ne. Malam ya kwantar da mu a ƙasa. Ta mashigin da muka gyara suka shigo, ta nan kuma suka kora garken gaba ɗaya, na Baffa Ja'e da namu, ba su bar ko maraƙi ba. Tsofaffi suka ce da kwarin yana nan yadda yake, da ba su samu shiga da sauri haka ba. Allah ne masani. Abin da na sani shi ne, kafin la'asar wasu sun fara raɗe-raɗin cewa Bafillatanin gidanmu ne ya kira su, mutumin da yake zaune a gonar yana kallon turakun da ba saniya ko ɗaya, bai ko iya kuka ba.

Wannan karon Baba da kansa ya ce su tafi. Ya nemo musu mota mai zuwa Gummi, daga can su nemi ta arewa. Ba shanu, ba ayari, sai ragar ƙore da tabarma. Baffa Ja'e bai faɗi kalma ɗaya ta zargi ba, kuma ina jin wannan ya fi yi wa Baba ciwo. Ni da Dije ba mu yi sallamar kirki ba, ina kuka tana kuka, mota ta tashi. Ba a yi shekara biyu ba mu ma muka kwashe muka koma Gummi. A can, a ajin sakandare, malama ta bayyana mana cewa majalisa tana iya yin muhawara ta yi kira, amma tura soja aikin wasu ne daban. Na zauna ina kallon allo, raina ya ɓaci ƙwarai, don bayani ne da bai fi a yi shi a tsaye ba, amma ba wanda ya taɓa yi wa Baba shi.

Bara waccan wani mutumin ƙauyenmu da ke zaman gudun hijira a Anka ya samo mana lambar Baffa Ja'e. Yana can ƙetaren iyaka, yana kiwon awakin mutane, Dije kuma ta yi aure har da 'ya'ya. Ni na kira na miƙa wa Baba wayar. Suka yi ta gaisuwa, ya gida, ya iyali, ya ruwa, ba wanda ya taɓo abin da ya wuce. Da za su rabu na ji muryar Baffa Ja'e, ta tsufa, yana cewa, "Malam Umaru, na ji abin bai lahwa ba wajenku. In ya matsa muku ku taho. Ɗaki guda gare ni, amma za mu raba shi." Baba ya miƙo mini wayar, ya juya ya fuskanci bango.

A da ina ganin zaman da muke yi da su abu ne da ba ya ƙarewa, kamar damina da kaka. Yanzu muna gidan haya, ƙofa a kulle tun kafin magariba, in baƙo ya ƙwanƙwasa sai mun leƙa mun tambayi ko wane ne. Ina kewar Dije, ina kuma kewar Baban da ya yarda da magana har ya tara gari a kanta. Tun daga ranar da aka kora shanun ban ƙara jin ya ce wa kowa ya dakata ba.