Inabin da Aka Sauko da Shi Fadama

"Janye ƙafarki daga jikin hitar nan, ja'ira, sai kin gasu?" in ji Iya, kakata. Murhunmu ke nan a unguwar Catford ta London, hitar kananzir mai wari. Zamanin kuɗin fetur ne, gwamnati ta turo Kawu kwas, shi kuma ya kwaso mu, Iya don girki, ni don rainon 'ya'yansa. Makaranta ba a sa ni ba. Kullum tambayata ɗaya ce, yaushe za mu koma gida.

Maƙwabcinmu tsoho ne ɗan Fotugal, yana da inabi a bayan gida, yana matsewa ya yi jar giya. Giyarsa ko ƙofarmu ba ta takawa, yarensa kuma Iya ba ta ji. Amma manomiya ce, ta katanga suke hira da hannu. Ya karkata tafinsa ya nuna gangaren garinsu, ya nuna sama babu rana, ya damƙo ƙasar London mai danƙo ya tofar da yawu.

Daga nan ta ƙago tatsuniyarta.

"Ga ta nan, ko kuna so ko ba kwa so. Wani inabi ne a gangaren dutse, kogi na ƙarƙashinsa. Rana na dukansa sau biyu, ta sama da wadda ruwa ke maidowa. Dutsen ya sha zafi wuni guda, in duhu ya yi ya ɗumama shi. Ƙishi ya sa saiwarsa ta fasa dutse. 'Ya'yansa ƙanana, baƙi wuluk, ruwansu ja kamar jini. Sai wani attajiri ya ji tausayinsa, ya tumɓuke shi ya kai fadama, ga taki ga inuwa. Ya yi ta ganye kamar hauka. 'Ya'yan kuwa tsami, ko tsuntsu ba ya taɓawa."

Na ce, "Iya, ba a mayar da shi ba?"

"An mayar mana. Saiwar ta saba da laushi, dutsen ya fi ƙarfinta. Ya bushe. Tashi ki kashe wutar nan."

Na ɗauka da tsohon take. Ashe da ni take, ta riga ta san Kawu ba komawa zai yi ba. A nan aka binne ta.

Sai da na yi jika na koyi rubutu a ajin manya na council, wato ƙaramar hukuma, sannan na je gida. Rana ta kwantar da ni, ruwan ya ɓata mini ciki, 'yan'uwa sai shimfiɗa mini tabarmar baƙi suke. Ban cika wata ba na ce a yi mini booking ɗin jirgin komawa London.