Rigar Sanyi Zuwa Ƙasar Zafi

A gidan waya na garin Rockingham, wata dattijuwa mai jan gashi da silifas tana gabana a layi, rungume da kwali kamar jariri. Kowa ya riga ya ji cewa ɗanta Declan yana Amurka, yana koyon injin nukiliya na jirgin ƙarƙashin teku.

Sikeli ya nuna kwalin ya yi nauyi.

"Mama, ki cire rigar sanyin nan," in ji ma'aikacin. "Yuli ne, can zafi ake yi."

Gaskiya ya faɗa, don a can na yi karatu. Amma mu nan kudancin duniya sanyi muke sha a Yuli, kuma ina jin a wurinta, duk inda ɗanta yake, sanyinmu ne ke kama shi.

"Kai ka haife shi?" ta ce. "Ƙungiyarmu ta uwayen sojan ruwa ta hana mu tambayar sirrin aikinsu. Ba ta hana mu rufe musu ƙirji ba."

Sai ta buɗe gwangwanin biskit ɗin da ke cikin kwalin, wanda ta gasa wa Declan, tana ci, tana miƙa wa 'yan layi, tana leƙen sikeli. Na ci uku don kishin ƙasa.

Nauyi ya daidaita. Rigar ta tafi Amurka, biskit ya tsaya a cikinmu.